Baƙin Bado: katin da aka yi don wasa, kasuwa ta haƙa masa kushewa

A watan Afrilu na shekarar 2024 labari ya fito daga Amurka cewa an sayar da kati guda ɗaya tak a kan dalar Amurka miliyan 3, wato wajen miliyar 1 da miliyan 800 na kuɗin sefa. Katin na kwali ne, tsawonsa milimita 88, faɗinsa 63, bai cika tafin hannun babban mutum ba. Sunansa Black Lotus, ma'ana baƙin bado, domin furen da aka zana a kansa ya yi kama da badon tafki. Da yawa sun ɗauki wannan ciniki a matsayin abin alfahari ga wasan da katin ya fito daga cikinsa. Alhali kuwa duk wanda ya san abin da aka rubuta a jikin katin, ya kuma san dalilin rubuta shi, ya san jana'iza aka yi ran nan. Katin yana rufe ruf cikin akwatin roba, masu tantancewa sun ba shi maki 10 bisa 10 saboda babu alamar yatsa a jikinsa, kuma duk ranar da aka buɗe akwatin don a yi wasa da shi, ran nan darajarsa za ta zube.

Irin wannan wasa yana tafiya ne a kan doka biyu. Ta farko ita ce wadda aka rubuta a kan kati, wadda ta hau kan kowa bai ɗaya. Ta biyu ita ce dokar ƙarancin kaya, wadda kamfani ya ƙirƙira da gangan. Tarihin Baƙin Bado tarihi ne na yadda ta biyu ta haɗiye ta farko, kuma hujjojin da ake kare ta da su ba su da ƙafar tsayawa.

Yadda wasan yake

Sunan wasan Magic: The Gathering, a ƙasashen da ake Faransanci kuma an san shi da L'Assemblée. Wani masanin lissafi Ba'amurke mai suna Richard Garfield ne ya ƙago shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a watan Agusta na 1993. Shi ne kakan wasannin da ake kira kartar tarawa da musaya: ta Pokémon ta biyo baya a Japan a 1996, ta Yu-Gi-Oh! a 1999.

Ya bambanta da wasannin da aka saba gani a majalisa. A belot katuna 32 ne, kowa ya san su, a cakuɗa a raba. A dara gurbi 30 ne, kowane ɗan wasa da ƴaƴansa 12, ba mai zuwa da na 13 daga gida. A Magic kuwa kowa da daminsa yake zuwa, wanda ya haɗa da kansa daga cikin dubban katuna. A gasa, dami ba ya kasa kati 60, ba a kuma sa fiye da 4 na kati iri ɗaya, in ban da katunan fili na asali. Kowane ɗan wasa yana farawa da rai 20 da kati 7 a hannu. Wanda ransa ya koma sifiri ya faɗi.

Ƙashin bayan wasan shi ne abin da suke kira *mana*, kalmar da aka aro daga harsunan tsibiran tekun Pasifik. A nan sai a ce da shi ƙarfi, don kada ya rikice da manar Hausa. Kowane kati da farashinsa na ƙarfi a rubuce a kusurwar sama ta dama. Ƙarfin launi 5 ne: fari, shuɗi, baƙi, ja da tsanwa. Daga katunan fili ake samunsa, doka kuma ta ce fili ɗaya ake ajewa a kowane zagaye. Ke nan a zagayen farko ɗan wasa yana da ƙarfi 1, a na biyu 2, a na huɗu 4, in filayen sun zo masa. Wannan doka ita ce linzamin wasan. Ita ke hana a fito da giwa tun ba a ga zomo ba, ita ke ba kowane ɓangare lokacin shiri da karanta niyyar abokin karawa.

Abin da katin ya ce

Baƙin Bado ya tsinke wannan linzami. Farashinsa sifiri ne, ba a biyan komai a aje shi. Aikinsa ɗaya: mai shi ya kwantar da shi a gicciye, ya sadaukar da shi zuwa tarin katunan da suka mutu, sai ya sami ƙarfi 3 na launi ɗaya, duk launin da ya ga dama. Shi ke nan rubutun. Ba ya kai hari, ba ya kare kai, sau ɗaya ake amfani da shi. Amma kowace kalma a ciki tana ɗauke da nauyi. Da aka ce launi ɗaya, an hana a raba ukun, a ce biyu ja ɗaya shuɗi. Da aka sa sadaukarwa a cikin abin da ake biya, an rufe ƙofar amfani da shi sau biyu. Da yake kuma aikinsa na samar da ƙarfi ne, doka ba ta ba abokin karawa damar tsoma baki tsakanin biya da karɓa ba. In zai tare katin, sai tun lokacin da ake ƙoƙarin aje shi. Ƙarfin da ba a kashe ba nan take kuwa ba ya kwana, yana ɓacewa da ƙarewar wannan mataki na zagayen.

Wanda ya aje fili da Baƙin Bado a zagayen farko yana da ƙarfi 4, wato ya riga abokinsa da zagaye uku. Tun a 1993 ƴan wasa suka gano inda wannan zai kai. Da kati huɗu a hannu ana iya gama wasa kafin abokin karawa ya aje ko da kati ɗaya. A aje filin dutse mai ba da ƙarfi ja. A sadaukar da Baƙin Bado a karɓi tsanwa 3. A kashe 2 wajen buga katin Channel, wanda ke ba mutum damar sayar da ransa, rai ɗaya ƙarfi ɗaya. A sayar da rai 19, a haɗa da tsanwa ɗayan da ya rage, ya zama 20. Da ƙarfin ja na dutse sai a buga Fireball, katin wuta mai ƙona rai gwargwadon ƙarfin da aka zuba masa. Abokin karawa ya rasa ransa 20 duka, mai bugu ya tsira da rai 1. An gama wasa tun ba a fara ba.

Hukumar shirya gasa ba ta yi nawa ba. A watan Janairu na 1994 ta kafa dokar kati 60 da ta kwafi 4, ta kuma ware wasu katuna ta ce ɗaya tak ake sawa a dami. Baƙin Bado na cikinsu, tare da sauran ƴan uwansa da ake kira Power Nine, wato ƙarfafa tara. A wannan shekara da aka sake buga katunan asali, an cire shi. Har yau rukunin gasa mai suna Vintage ne ke karɓarsa, shi ma kwafi ɗaya; rukunin Legacy da na Commander sun haramta shi. Wannan hukunci daidai ne, domin don kare wasa aka yanke shi. Doka ta farko ke nan tana aikinta.

Akwai wani abu da masu ɗaukaka tsohon kwali ba sa son a tuna. Babbar ƙa'idar wasan ta ce idan rubutun kati ya saɓa wa dokar gama-gari, rubutun kati ake bi. To amma wane rubutu? Kamfanin yana da kundi mai suna Oracle, inda ake aje lafazin kowane kati na hukuma, ana gyara shi idan dokoki suka sauya, kamar yadda aka yi babban garambawul a 1999. Alƙalin gasa da wannan kundi yake hukunci, ko da ya saɓa wa abin da ke kan takarda. Baƙin Bado na 1993 cewa ya yi a yar da katin bayan amfani, yana kuma ambaton wani nau'in motsi da aka soke daga wasan tun 1999. Wato wanda ya biya miliyan 3 ya sayi lafazin da aka daina aiki da shi. Lafazi mai aiki yana intanet kyauta, shi da kundin dokoki mai shafi fiye da 200. Dokar katin magana ce, magana kuwa ba ta ƙarewa don mutane da yawa sun karanta ta.

Doka ta biyu

In haka ne, daga ina tsadar ta fito? Daga madaba'a. Bugun farko, wanda ake kira Alpha, katuna iri 295 ne, an buga su a kamfanin Carta Mundi na Beljiyam. An kasa su gida uku: gama-gari, matsakaita, da masu wuyar samu. Tawada ɗaya ce, kwali ɗaya ne, kuɗin bugu ɗaya ne. Abin da ya raba su kurum shi ne yawan da aka yanke shawarar bugawa. An ƙiyasta cewa Baƙin Bado kimanin 1,100 aka buga a Alpha, kuma in an haɗa bugu ukun da ya fito a ciki, duka-duka bai kai 25,000 ba. A lokacin ana sayar da katunan cikin ƙunshi rufaffe mai kati 15, a kan abin da bai kai dalar Amurka 3 ba, mai wuyar samu ɗaya ne a ciki, daga cikin iri fiye da 100. Mai saye bai san abin da ya saya ba sai ya yage leda.

Garfield bai zaci mutane za su riƙa sayen akwati-akwati ba. A tunaninsa kowa zai sayi ƴan katuna kaɗan ya yi wasa da abokansa, kati mai ƙarfi ya zama abin da ake gani jefi-jefi. Ya ma sa wata doka don katuna su riƙa yawo: kafin wasa kowane ɗan wasa ya zuba kati ɗaya da aka zaro daga daminsa ba zaɓi, wanda ya ci ya kwashe. Biri ya yi kama da mutum, domin wannan da caca ba su da maraba, ga kuma dokokin ƙasashe. Sai kamfani ya janye. Katin ƙarshe da ya ambaci zubi ya fito a 1995. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. An kori cacar da ke tsakanin ɗan wasa da ɗan wasa, an bar wadda ke tsakanin ɗan wasa da kanti.

A 1995 kamfani ya yi abin da hankali zai ɗauka: ya fitar da jerin Chronicles, inda ya sake buga tsofaffin katunan da suka yi tsada don sababbin ƴan wasa su samu. Farashi ya faɗi, masu tarawa da ƴan kasuwa suka yi ca. A watan Maris na 1996 kamfani ya miƙa wuya, ya fitar da jerin katunan da ya yi alkawarin ba zai sake bugawa ba har abada. Yanzu sun fi 500, Baƙin Bado na kan gaba. Tun daga ran nan adadinsa ba ya iya ƙaruwa, sai dai raguwa: ruwa ya ci wani, gobara ta ci wani, akwatin roba ya haɗiye sauran. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗan wasa ne ya raya wasan har sunan katin ya zaga duniya, mai ajiya ne ya kwashi ribar.

Hujjojin masu karewa

Hujjarsu ta farko ita ce alkawari kaya ne. Gaskiya ne, amma a duba yadda mai alkawarin ya ɗauki kayan nasa. A 2002 ya gyara jerin, ya fitar da wasu katuna daga ciki. A 2014 ya saki Baƙin Bado a wasan da ake yi ta kwamfuta, tunda alkawarin na takarda ne. A watan Nuwamba na 2022 kuma, don bikin cika shekara 30, ya sake buga katunan 1993 a kan kwali, har da Baƙin Bado, ya sauya zanen bayansu, ya ce ba a shiga gasa da su. Ƙunshi huɗu, kati 60, a kan dalar Amurka 999, fiye da jika 600 ke nan, kuma ba tabbas mai saye zai ga Bado a ciki. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Abin da wannan ya nuna shi ne alkawarin bai hana a sayar da hoton katin ba, abin da ya hana kurum shi ne a yi wasa da shi. A shekarar ce kuwa cinikin Magic ya haura dalar Amurka miliyar 1 ga Hasbro, kamfanin da ya sayi Wizards tun 1999.

Hujja ta biyu: katin ya zama kayan tarihi, kamar zanen Christopher Rush da ke jikinsa, sake bugawa zai kashe darajarsa. Wannan ganin kitse ne ake wa rogo. Katin Shivan Dragon shi ma a 1993 ya fito, an sake buga shi sau da dama. Sabon bugu bai kai kuɗin shan shayi ba, na Alpha kuwa dubban dalolin Amurka ake sayensa. Mai son tsohon abu tsufan yake saye. Kowane malami ya san bugun farko na shahararren littafi yana da daraja wajen masu tarawa, amma ba a taɓa jin madaba'ar da ta hana ɗalibai sabon bugu don kada mai tsohon ya yi asara ba.

Hujja ta uku: ba a tilasta wa kowa ba, akwai rukunan gasa masu sauƙi. Haka ne. Akwai Pauper, inda katunan gama-gari kaɗai ake sawa. Akwai wanda ake buɗe sababbin ƙunsa a wurin gasa kowa ya zaɓa bi da bi. Amma wannan hujja a kan masu ita take faɗawa, domin ta tabbatar da cewa daɗin wasan bai dogara da tsadar kati ba. Garfield da kansa ya fitar da KeyForge a 2018, inda ake sayen dami cikakke, ba a ƙara masa ba a rage masa. Me ya sa to rukuni mafi tsufa, wanda ya ƙunshi tarihin wasan kusan duka, zai zama fadar da sai mai dukiya ke shiga? Hukumar gasa ba ta karɓar katin da aka kwaikwaya, komai kyawun lafazinsa. Ke nan a teburin Vintage aljihu ake fara gwadawa kafin basira.

Wanda ke shakkar cewa kasuwa ta hau kan doka, ya dubi abin da ya faru a 2024. A 2020 kamfani ya fitar da ƙanen Bado mai suna Jeweled Lotus: farashi sifiri, ƙarfi 3 na launi ɗaya, sai dai an ɗaure shi da sharaɗin kashe ƙarfin a kan kati guda, jagoran dami a rukunin Commander. Ya yi tsada, aka yi ta sayar da ƙunsa da sunansa. Ran 23 ga Satumba na 2024 kwamitin ƴan sa-kai da ke kula da dokokin rukunin ya haramta shi tare da wasu katuna uku, da hujjar cewa suna ba mutum ɗaya rinjaye tun wasa bai yi nisa ba. Hujjar 1994 ce ba ƙari ba ragi. Farashi ya faɗi, sai zagi da barazana suka yi ta sauka a kan ƴan kwamitin. Bayan mako ɗaya suka miƙa ragamar rukunin ga kamfani. Alƙalan da ba su da abin sayarwa sun tashi, mai sayar da katin ya zauna a kujerarsu.

Saura maganar caca. A 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka ta kori ƙarar masu sayen katunan tarawa, ta ce sun sami abin da suka biya, wato katuna da damar dacewa da mai tsada. A 2018 kuwa hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasannin kwamfuta caca ne. Tsarin ɗaya ne, na kwali ya tsira, na allo ya faɗa tarko. A 2023 an kai abin maƙura: aka buga wani kati mai suna The One Ring kwafi ɗaya tak mai lamba a duniya, aka ɓoye shi cikin ƙunsa, aka bar jama'a suna yage leda. An same shi a Kanada, mawaƙi Post Malone ya saye shi a kan dalar Amurka wajen miliyan 2. Duk sunan da lauya zai ba wannan, uba da malami sun san sunansa.

Abin da ya rage ga masu tarbiyya

Malamin da ya ga irin waɗannan katuna a hannun ɗalibi zai iya faɗawa ɗaya daga cikin kuskure biyu. Na farko ya kwace ya ce karta ce kawai, aikin banza. Wannan asara ce, domin yaron da ya fahimci bambancin kalmar “dole” da kalmar “yana iya” a kan kati, ya gane abin da ake biya da abin da ake samu, ya ƙirga yawan filayen da ya dace da dami mai kati 60, ya yi karatun natsuwa da lissafin yiwuwa wanda darasi da yawa ba su kai shi gare shi ba. Na biyu ya bar shi da ledar kanti, yana koyon cewa nasara abin saye ce, sa'a kuma sana'a ce. Aikin mai tarbiyya shi ne raba tsaki da tsakuwa: a riƙe wasan, a yi watsi da kasuwar.

Hanyar ba sabuwa ba ce, ƴan wasan da kansu suka share ta. Shekaru da dama ke nan ana shirya gasar Vintage a wajen hukuma, a Amurka da Turai, inda aka yarda mutum ya ɗauki katin banza ya rubuta sunan mai tsada a kansa. Ƙungiyar da ke son gwada irin wannan wasa ba ta buƙatar fiye da haka: kwali, almakashi, bik, da lafazin doka daidai ba kuskure, a kuma ba kowane yaro tarin katuna iri ɗaya ya zaɓa daga ciki, yadda dara ke ba kowa ƴaƴa 12. A kan tabarmar wasa, kwalin da aka rubuta wa Baƙin Bado da bik ƙarfi 3 yake bayarwa. Wanda ke cikin akwatin roba kuwa ko ɗaya ba ya bayarwa.